Abin da ranar Argungu ta yi wa maƙalin Kawu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, firintar 3D, injin buga kaya da roba, ke aiki a bayana, kuma sauran awa uku ya gama, ba zan tsayar da shi ba. Nan Jamus sanyi ake zubawa, riga biyu ce a jikina, amma zancen da na zo da shi na zafi ne.

Ku dubi hoton nan a wayata. Kawuna ne ya turo daga fadamarsa ta shinkafa kusa da Argungu. Yana da famfon ban ruwa mai aiki da sola, sai maƙalin da ke riƙe akwatin na'urar a jikin turke ya karye. Ƙanena ya auna mini, na zana a kwamfuta, na buga shi da wannan firinta ta 3D, mai narka zaren roba tana ɗora shi hawa-hawa kamar magini. Na ba wani ɗan garinmu da zai je gida cikin Fabrairu. Afrilu bai ƙare ba sai ga saƙon murya: "Yaro, wagga roba taka ta ji rana ta kwanta. Mun koma ga igiya." Ga shi nan kuwa, ya lanƙwashe kamar alewa.

Laifina ne, ba na inji ba. Da PLA na buga, zaren da kowa ke fara koyo da shi. Daga sitacin masara ko rake ake samo shi, ba ya gardama, a digiri 200 zuwa 215 yake fita sumul. Aibinsa ɗaya: da ya kai wajen digiri 55 zuwa 60 sai ya fara saki. A ɗakina wa zai kai shi can? Amma a Kebbi da bazara iska kanta tana haura 40, ni kuma don gayu sai na zaɓi baƙi, mai zuƙar rana, aka kafe shi a fili tun safe har la'asar da nauyi a kansa.

Bari in nuna muku. Ga guntaye biyu da na bari a murhun gashi na lantarki, digiri 70, minti ashirin. Wannan PLA ne, kun ga da yatsa biyu nake murɗa shi. Wannan kuma PETG, ɗan uwan robar gorar ruwa. Ko gezau, don shi sai wajen 80 yake laushi.

Masu cewa in yi da wata robar da ake kira ASA, kun yi gaskiya, ta fi kowa jure hasken rana, kuma takan kai kusan 100 kafin ta saki. To amma tana son inji mai rufi, faranti, wato inda ake ɗora bugun, mai zafin 100, ga wari. Ni ɗaki ɗaya gare ni, nan nake kwana nan nake ci. Robar ABS ma haka, in iska ta buga ta gefunanta su ɗago kamar ƙanzo a tukunya. Saboda haka PETG na ɗauka, fari.

Ga yadda na saita. Kaurin zaren milimita 1.75 ne, bakin inji inda robar ke fita 0.4, kaurin kowane hawa 0.2. Zafin baki 240, faranti 80. Fankar da ke sanyaya bugun na rage ta zuwa rabi, don in ta yi yawa hawa ba ya kama na ƙasansa da kyau. Na shafa gam a faranti, ba don ya manne ba, don ya yarda ya fita, PETG kan kama gilashi har ya ɓantaro shi.

Inda na fi so ku saurara shi ne nan. Da farko ina tsammanin cika cikin abu taf shi ne ƙarfi. Asarar zare ce kawai. Bango ke ɗaukar nauyi: na sa bango 5, wato zagaye biyar a gefen waje, ciko kashi 30. Sannan kwanciyar abin a faranti. Irin wannan bugu tsakanin hawa da hawa yake karyewa, kamar icce da ke tsagewa ta inda jijiyarsa ta bi. Na farko a tsaye na buga shi, ko rana ba ta kayar da shi ba nauyi zai raba shi. Wannan a kwance yake.

Wani daga Gusau ya tambaye ni a bidiyon baya ko zai iya sayen injin ya yi aiki a gida. Malam, zai yiwu, amma ka tanadi inbata ko batir, don in aka ɗauke wuta a awa ta biyar sai ka yi kuka. Da damina zaren na shan laima, ka ji yana ƙas-ƙas a bakin inji yana barin yauƙi kamar kuɓewa. Busar da PETG a digiri 65 na awa huɗu zuwa shida, ka ajiye shi cikin bokiti mai murfi. Da hunturu kuma ka lulluɓe injin, ka ratsa zaren ta cikin ɗan soso ya share ƙura kafin ta toshe baki.

Af, ga shi ya kai wurin ramukan ƙusa, bari in juyo kyamara ku gani. Biyu zan buga wannan karon. Ɗaya Kawu ya ɗaura, ɗaya ƙanena ya jefa kan kwanon ɗaki ya bar shi har ruwan farko, ya turo mana hoto.