Zanen Fiksel: Me Ya Sa Ake Farawa da Gida 16 Sau 16

An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka yi wa matasa a Agege, Legas. An rage maimaici da gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke gaba, malamai, ƙannena maza da mata, barkanku da yamma. Waɗanda suka taso daga Mile 12 da Idi-Araba cikin gosulon nan, sannunku da hanya.

Wa ya taɓa buga wasan maciji a Nokia 3310? Yauwa, har da dattawa. Allon wayar nan ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, ba launi, amma ba wanda ya taɓa tambaya ko mene ne yake yawo a ciki. Waɗannan ƙananan ɗigo masu kusurwa huɗu su ne fiksel. Kowane hoto da ke wayarku da su aka gina shi, sai dai yanzu sun kai miliyoyi, ido ba ya raba su. Mai zanen fiksel shi ne wanda yake ajiye su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, kuma ya san dalilin kowanne.

Larura ce ta haifi sana'ar. Na'urorin wasa na da ba su da ƙarfi. Game Boy da ta fito a 1989 allonta 160 sau 144 ne, launinta huɗu kacal. Ku dubi Mario, ɗan mutumin nan na wasan bidiyo. Lokacin da Shigeru Miyamoto ya zana shi a 1981, gidajen fiksel ɗin sun yi kaɗan a fitar da baki da gashi, sai ya sa masa gashin baki don hanci ya fito, ya ɗora masa hula don ya huta da zanen suma. Susan Kare, wadda ta zana ƙananan hotunan da ake dannawa a allon kwamfutar Macintosh ta 1984, a takarda mai gida-gida ta fara, tana cike gidaje da hannu.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ku tsaya kusa da mai ɗinkin hula ku ga yadda yake jera zare gida-gida, idan ya kuskure ɗaya zanen ya karkace. Aikin ke nan, allura ce kawai babu.

Saboda haka kada wanda ya ce mini sai ya je Computer Village ya sayo laftof sannan zai fara. Littafin lissafi mai gida-gida da fensir sun isa. Ka zagaye gida 16 sau 16, ka zaɓi launi huɗu, kada ka ƙara. Sabon shiga yakan buɗe fili 200 sau 200 don ya samu sarari, sai ya ɓace a ciki: gida dubu 40 ke nan, wa zai lura da kowanne? A 16 sau 16 gida 256 ne. Ka matsar da ɗigo ɗaya, kofin shayi ya koma bokiti, nan take za ka gani, ka gyara.

Mu ɗauki danfo, motar hayar nan ta Legas, tunda kowa ya san ta. Tana da tsawo, to a ba ta 32 sau 16. Fara da inuwarta kaɗai, baƙa ƙirin. Idan ka nuna wa ƙaninka bai ce mota ba ce, kada ka sa launi, koma ka gyara siffa. Bayan nan rawaya, layi biyu baƙaƙe, shuɗi a tagogi.

Gilashin gaba shi ne inda ake gane ɗan koyo, domin a karkace yake, fiksel kuma bai san karkata ba, sai matakala. Idan ka fara hawa biyu-biyu, ka tafi biyu-biyu har ƙarshe. Ka yi biyu, ɗaya, uku, biyu, layin zai fito kamar an gutsure shi. Lanƙwasa kuma, irin ta taya, tana raguwa ne a jere: uku, biyu, ɗaya, ɗaya, sannan ta koma ta ƙaru. Yi wannan sati guda, hannunka zai kama.

Sai haske. Ka yanke daga ina rana take, a ce sama ta hagu, duk inuwa ta faɗi ƙasa ta dama. Kada ka zagaye motar da duhu ka bar tsakiya da haske, za ta kumbura. Kuma inuwar rawaya ba a yin ta da ƙara baƙi, sai ta yi datti; ja ta wajen ruwan goro.

Malam a baya ya rubuto tambaya kan hukuncin zanen abu mai rai a addini. Wannan a kai wa malamai, ni ba fagena ba ne. Amma motoci, gine-gine, dagin Arewa, haruffa, tukwane, sun ishe ka aikin shekara.

In ka tashi komawa allo, manhajar zane ta Piskel kyauta ce, a burauza take aiki. Pixel Studio tana kan Android. Aseprite ita ƙwararru suka fi so, ta kuɗi ce, ba ta gaggawa ba. Neman jerin launuka kuma, akwai shafin Lospec.

Na'am, Hajiya? Ta ce ɗanta ya tura mata zane ta WhatsApp ya iso dishi-dishi. Abu biyu ne. Na farko, a ajiye zane a tsarin hoto na PNG, domin tsarin JPEG yana gauraya launukan da ke maƙwabtaka. Na biyu, hoto mai gida 32 ƙarami ne ƙwarai, waya ce take buɗa shi da kanta tana shafe gefuna. Ya ninka shi tun a manhajar, sau 10 ko sau 20, cikakkiyar lamba ba da rabi ba, sannan ya tura shi a matsayin fayil, ba hoto ba. Zai iso miki garau, in sha Allahu. Saura tambaya ɗaya kafin a kira magariba.