Darasi: Yadda ake kallon mutum-mutumin Kikiladis

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa unguwar Kolonaki a birnin Atina na ƙasar Girka, inda akwai wani gidan adana kayan tarihi da aka buɗe a 1986. Ba gwamnati ta kafa shi ba. Wani attajiri mai harkar jiragen ruwa, Nikolas Gulandris, da matarsa Doli ne suka riƙa sayen kayan tun shekarun 1960. Maigidan ya rasu a 1983, ita kuwa ta tsaya kai da fata sai da aka buɗe gidan.

Akwai tukwane da kayan tagulla, har da kayan tsibirin Kubrus, amma abin da ke kawo mutane shi ne fararen mutum-mutumin nan na dutsen mabul, waɗanda mutanen tsibiran Kikiladis, a tekun ƙasar Girka, suka sassaƙa tsakanin shekara ta 3200 zuwa 2000 kafin haihuwar Annabi Isa. To, bari in koya muku yadda ake kallonsu.

Fara daga ƙasa, ka dubi ƙafa. Yatsun sun miƙe suna kallon ƙasa, kamar mai ɗage. Ka gwada tsayar da shi, faɗuwa zai yi. Sai an tallafe shi yake tsayuwa a cikin gilashi, shi ya sa masana da yawa suke ganin don a kwantar aka yi su, kuma galibi a kaburbura aka same su. Sai ka hau zuwa ciki. Yawanci siffar mace ce, ta naɗe hannuwa, na hagu a saman na dama. Sai fuska: sumul, ba ido, ba baki, hanci kawai.

Nan fa mutane ke ruɗuwa. Wannan farin da kake gani, da ba haka yake ba. Matsa kusa, ka ɗan karkata kai inda haske ke bugawa, wani lokaci za ka ga inuwar ido. An zana musu idanu da gashi da shuɗi, an yi musu ɗige-ɗigen ja a kumatu, dubban shekaru ne suka wanke launin. Kuma ba da ƙarfe aka sassaƙa ba, gurzawa aka yi da wani dutse mai tauri na tsibirin Naksos, a hankali, kamar mai wasa wuƙa.

Idan ka je, ka nemi mai riƙe da kofi: namiji zaune a kan 'yar kujera, ya ɗaga kofi da hannun dama. Ni dai shi ya fi burge ni, sai ka ce yanzu zai ce maka bisimilla.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Da masu fasaha irin su Brancusi da Henry Moore suka sa Turai ta kamu da son wannan siffa, kuɗinsu ya tashi, ɓarayi suka far wa kaburbura da dare. Mun san irin wannan a gida, haka aka yi wa kayan Nok a Kaduna. An yaba wa Gulandris da matarsa don sun hana kaya da yawa barin Girka, wasu kuma suka ce mai saye shi ke kiran mai tono. Don haka ka karanta 'yar takardar da ke ƙarƙashin kowanne: sau da yawa za ka tarar ba a rubuta kabarin da aka ciro shi ba, ko ma tsibirin.

Mako mai zuwa za mu tsallaka tsibirin Keros, inda aka tarar da ɗaruruwan irinsu an kakkarya su da gangan. Sai mun haɗu.