Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Taron Likitocin Yara Kan Maganin Gyaran Ƙwayar Gado

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, iyayenmu sarakuna, malamanmu, abokan aiki, da iyayen yaran da muke dubawa. Ranka ya daɗe, a madadin likitocin yara da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje muna yi maka lale marhabin. Sannu da hanya, Allah Ya saka da alheri.

Yallaɓai, abin da ya tara mu shi ne cututtukan gado da ake kira na cunkoson laisosom. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai ƴan jakunkuna, laisosom, waɗanda Christian de Duve ya gano a 1955. Aikinsu narkar da tarkacen ƙwayar ta hanyar sinadaran inzayim. Idan yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar gado daga uwa da uba duka, inzayim ɗaya ba ya aiki, sai tarkacen ya yi ta taruwa har ya kashe ƙwayar. Irin waɗannan cututtuka sun haura 50, da yawansu kuma ƙwaƙwalwa suke ci.

Za mu tsaya kan guda ɗaya, metachromatic leukodystrophy, MLD a taƙaice, domin bincike ya yi nisa a kanta. Ƙwayar gadon ARSA, mai samar da inzayim ɗin ARSA, ita ce ke samun naƙasu, sai wani maiƙo mai suna salfatayid ya taru ya lalata rigar da ke lulluɓe jijiyoyi. Mafi tsananinta na bayyana kafin yaro ya cika wata 30. Yaron da ya fara takawa sai ya riƙa faɗuwa, ƙafafu su sanƙare, ƴan kalmomin da ya koya su ɓace, haɗiya ta gagara, jijjiga ta biyo baya. Da yawa ba sa wuce shekara biyar. A gida akan ce iska ce ko shan inna, a yi ta neman magani inda babu shi.

Me ya sa ba a yi wa yaron allurar inzayim ɗin kawai? Saboda akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma inzayim ba ya tsallake shi. Mafitar ta faro ne daga ɗakin binciken Elizabeth Neufeld a Amurka a 1968, inda aka ga cewa ƙwayar da ke da inzayim tana fitar da shi, wadda ba ta da shi ta ɗauka, kamar yadda ake ɗebo wuta a maƙwabta. A kan wannan masu bincike na cibiyar San Raffaele-Telethon da ke Milan a Italiya suka gina aikinsu, suka fara gwaji a kan yara a 2010.

Ga yadda ake yi. Ana ba yaro allurar G-CSF, sau da yawa haɗe da plerixafor, don iyayen ƙwayoyin jini su fito daga ɓargo. Na'ura ta tace su daga jini, a ware masu alamar CD34, wadda da ita ake gane su. Ana ajiye wani kaso a ƙanƙare ba a taɓa shi ba, aƙalla ƙwaya miliyan 2 ga kowane kilo na nauyin yaron, ko da dashen zai ƙi kamawa. Sauran a haɗa su da wani bairas da aka cire wa ikon yaɗuwa, ya dasa lafiyayyar ARSA a cikinsu. Sannan a ba yaron busulfan na kwana huɗu. Wannan magani yana share ɓargo, yana kuma buɗe gurbi a ƙwaƙwalwa inda sababbin ƙwayoyin za su zauna. Bayan aƙalla awa 24 da kashi na ƙarshe, a mayar masa da ƙwayoyinsa ta jijiyar jini, ba ƙasa da miliyan 3 ga kowane kilo ba. Da yake nasa ne, babu fargabar su yaƙi jikinsa, kuma suna samar da inzayim fiye da na mai lafiya, abin da dashen ɓargon wani ba ya yi.

Hanyar ba ta da sauƙi. Busulfan yana kawo gyambon baki da zazzaɓi lokacin da garkuwar jiki ta faɗi, yana iya toshe ƙananan jijiyoyin jini na hanta, yana iya hana haihuwa nan gaba. Zaman asibiti kan kai mako 4 zuwa 12. Bairas ɗin kuma ba ya zaɓen inda zai sauka, don haka ana bibiyar yaro shekara 15 saboda haɗarin sankarar jini.

Tarayyar Turai ta amince da maganin a Disambar 2020 da sunan Libmeldy, Amurka kuma a Maris 2024 da sunan Lenmeldy, a kan dala miliyan 4.25. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce duk yaran da ke da nau'i mai tsanani da aka yi wa maganin kafin alamu su bayyana suna raye a shekara shida, alhali cikin waɗanda ba a yi wa ba kashi 58 cikin ɗari ne suka kai.

Ranka ya daɗe, kalmar "kafin" ita ce damuwarmu. Ƙwayoyin suna ɗaukar watanni kafin su zauna a ƙwaƙwalwa, cutar kuma ba ta jira, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Shi ya sa galibin yaran da aka ceta ƙanne ne, an gano su ne saboda yayansu ya riga ya kwanta. Ba ƙaramin ɗaci ke cikin wannan ba. A Jamus an gwada jarirai sama da 100,000 da ɗigon jinin dunduniya, aka gano uku tun suna lafiya lau.

Ba mu zo roƙon dala miliyan huɗu ba. Abin da ke hannunmu shi ne ganowa. Idan iyaye biyu na ɗauke da naƙasun, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwarsu. Ba sukar zumunci muke ba, bayani muke so ya isa ga iyali. Gwajin kafin aure, irin wanda Kano ta mayar doka a 2024, yana nuna sikila amma ba ya nuna MLD.

Gwajin ma yana da tarko. Mutane da yawa, musamman ƴan asalin Afirka, inzayim ɗinsu na ARSA ƙasa yake a ma'auni amma lafiyarsu ƙalau. Duk wanda ya yanke hukunci da wannan gwaji kaɗai zai jefa iyali cikin tashin hankali a banza. Dole a haɗa da auna salfatayid a fitsari da karanta ƙwayar gadon. Katin ɗigon jinin kuma a shanya shi a kwance a inuwa awa uku zuwa huɗu, kada a sa shi a leda da danshi, a haɗa shi da abin tsotse laima, domin zafi da gumin damina suna kashe inzayim, sakamako ya fito ƙarya.

Muna roƙon ma'aikatarka ta samar da tsayayyar hanyar aika samfur zuwa ɗakunan gwaji da ke yin wannan aiki, da rajistar yaran da suka fara ci gaba sannan suka koma baya, da umarnin a gwada ƙannensu cikin kwanaki. Gano yaro da wuri shi ke ba iyali damar neman shiga bincike a waje. Ƙwarewar dashen ɓargo, wanda aka fara a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ita ce kuma tushen irin wannan magani ga masu sikila, don haka horar da ma'aikata a kanta riba biyu ce. Yaran da cutar ta riga ta kama su ma suna da haƙƙi a kanmu: robar ciyarwa, maganin jijjiga da na sanƙarewa, gashin ƙashi, da mai zama ya saurari uwa.

Ranka ya daɗe, muna gayyatarka ka buɗe mana wannan taro. Bismillah.