Lissafi Kafin A Fara Gwaji: Daga Gwangwanin Abinci Zuwa Aji Da Ɗakin Binciken Fiziks

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, 'yan'uwana masu bincike, da ku ɗalibai, na gode da kuka ba ni lokacinku.

Tambaya ɗaya nake so mu riƙe har mu tashi. Idan ka yi gwaji ka ga sakamako, ta yaya za ka san ba dace ka yi ba kawai? Mai binciken abinci, da malamin makaranta, da masanin fiziks, dukansu wannan tambayar ce ke hana su barci, kuma ilimin ƙididdiga saboda ita aka gina shi.

Mu fara da masanin ƙididdiga Ronald Fisher, wanda ya kama aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919. Wata abokiyar aikinsa, Muriel Bristol, ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Wani da dariya zai yi ya wuce. Shi kuwa Fisher sai ya tsara gwaji: kofi 8, huɗu an fara da madara, huɗu an fara da shayi, a jera su yadda ƙuri'a ta faɗo. Hanyoyin zaɓen huɗu cikin takwas guda 70 ne, saboda haka mai kintace kawai damarsa ta dacewa da duka ɗaya ce cikin 70. Ya bayyana wannan a littafinsa na tsara gwaji na 1935. Ku lura, tun kafin a ɗanɗana kofin farko an riga an san nauyin hujjar da za a samu.

Yanzu mu shiga kimiyyar abinci, inda zan ɗan daɗe, domin a nan kuskuren lissafi rai yake ci. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Tana son wurin da babu iska, kamar cikin gwangwanin da aka rufe, kuma dafin da take fitarwa yana cikin mafi muni da aka sani. Irin da take bari, wanda daga baya yake farfaɗowa ya zama ƙwaya, yana jure tafasar ruwa ta yau da kullum, shi ya sa masana'antu ke dafa gwangwani cikin tukunyar matsin tururi, a zafin da ya kai digiri 121 na Salsiyas. Tun a 1922 masu bincike biyu, Esty da Meyer, suka auna yadda wannan iri ke mutuwa cikin zafi, abin da ya fito kuma abin mamaki ne. Ba lokaci guda suke mutuwa ba. A wancan zafin, duk bayan kimanin minti 0.21, tara cikin goma ne ke mutuwa. Wani minti 0.21 ɗin, tara cikin goma na ragowar su tafi. Dubu ta koma ɗari, ɗari ta koma goma, goma ta koma ɗaya.

To daga ɗaya kuma fa? Lissafin bai taɓa kaiwa sifiri. Abin da zai ce maka shi ne ɗaya bisa goma, ma'ana gwangwani ɗaya cikin goma zai iya fita da iri mai rai. Saboda haka aka tsayar da ƙa'ida: a yi wannan ragin sau 12. Minti 0.21 sau 12 ya ba ka kusan minti biyu da rabi, masana'antu suka mayar da shi minti 3 don ƙarin kariya. Kuma ba a jikin gwangwani ake ƙirga mintocin ba, a wurin da zafi ya fi jinkirin isa a cikinsa ake ƙirgawa. Abincin da tsaminsa ya kai, wato ma'aunin pH ɗinsa ya gaza 4.6, ba ya buƙatar wannan zafin duka, don ƙwayar ba ta yaɗuwa a ciki. Ni a ganina, duk ɗalibin kimiyyar abinci da bai fahimci wannan ragin na goma-goma ba, bai kamata a damƙa masa tukunyar masana'anta ba tukuna.

Fannin ilimi ya fi wuyar sha'ani, saboda yara ba gwangwani ba ne, kowa da gidan da ya fito. A Amurka an taɓa lura cewa ƙananan makarantu sun yi yawa a jerin waɗanda suka fi cin jarrabawa, har aka zuba kuɗi masu yawa wajen raba manyan makarantu. Sai masanin ƙididdiga Howard Wainer ya duba ƙasan jerin, ya tarar ƙananan makarantun nan ma sun yi yawa a can. Dalili kuwa a fili yake: idan ɗalibai kaɗan ne, yaro biyu ko uku masu hazaƙa sun isa su ɗaga makin makaranta bana, su kammala, baɗi ta sauko. Ƙaramin adadi tangal-tangal yake yi.

Ku gwada wannan da abin da jihar Tennessee ta fara a 1985. A makarantu 79, aka raba yara da malamai ta hanyar ƙuri'a, wasu zuwa aji mai ɗalibai 13 zuwa 17, wasu zuwa mai 22 zuwa 25, aka bi su shekara huɗu. Yaran ƙananan azuzuwa sun fi ƙoƙari a karatu da lissafi, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi sun fi kowa amfana. Ana ɗaukar wannan sakamako da muhimmanci har yau saboda ƙuri'ar nan. Da shugaban makaranta ne ya zaɓi wanda zai shiga wane aji, babu wanda zai iya rantsewa cewa girman ajin ne ya kawo bambancin. Wannan ce shawarata gare ku masu rubuta kundin digiri: ku nemi mai ƙididdiga ranar da kuke tsara bincike. Fisher ya faɗa a 1938 cewa wanda ya kira mai ƙididdiga bayan an gama gwaji, binciken gawa ya kira shi yi, iyakarsa ya faɗi abin da ya kashe gwajin.

Masana fiziks su ne suka fi kowa tsanani. A fannoni da dama ana karɓar sakamakon da dace zai iya haifarwa sau ɗaya cikin 20. Su kuwa masu binciken ƙwayoyin da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta ba sa cewa sun gano abu sai ya kai abin da suke kira sigma biyar, kusan ɗaya cikin miliyan uku da rabi. Sai da aka kai nan kafin cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, ta sanar da gano ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi, wato ƙwayar Higgs, ranar 4 ga Yulin 2012, shekara 48 bayan Peter Higgs da wasu sun yi hasashenta.

Amma kada ku fita daga nan kuna zaton babbar lamba ta wanke mai bincike. A Satumbar 2011, masu gwajin OPERA suka ba da rahoton cewa wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna niyutirino da aka harba daga CERN zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa, alhali a ƙa'idar fiziks babu abin da ke fin haske gudu. Sakamakon ya kai sigma shida. A gaskiya sun yi abin a yaba, domin sun fito sun roƙi sauran masana su taya su neman kuskure. A farkon 2012 aka gano wata wayar haske da ke kai saƙon agogon GPS ba ta zauna daram ba. Sigma shidan ba ƙarya ya yi ba: ya ce ba dace ba ne, kuma lallai ba dace ba ne. Na'urar ce ke maimaita kuskure iri ɗaya a kowane awo, kuma ko sau miliyan ka maimaita awon, wannan kuskuren ba zai gushe ba.

Na ga shugaban taro yana duba agogo. Zan dakata a nan, a buɗe fagen tambayoyi, kuma ina so ɗalibai su fara. Wassalamu alaikum.