Sharhi: Farar Kwali da Fara Mai Rai

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a kan William Dean Howells ne, marubucin ƙagaggun labarai kuma mai nazarin adabi ɗan Amurka, wanda aka haifa a jihar Ohio a 1837, ya rasu a New York a 1920.

Bai yi nisa a makaranta ba. A maɗaba'ar mahaifinsa ya tashi, yana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya yi ta hawa har ya zama editan mujallar Atlantic Monthly daga 1871 zuwa 1881.

Akwai wani misali nasa da ba na mantawa, a littafinsa Criticism and Fiction na 1891. Ya ce masanin kimiyya ya tsinci fara a cikin ciyawa yana son ya siffanta ta, sai masu ji da ilimi suka ce ya bar wahalar da kansa, ga wata fara nan ta waya da kwali, an shafe ta da fenti, ba ta lalacewa. Howells ya ce sam, mai ran yake so. A wurinsa aikin marubuci shi ne ya faɗi rayuwa yadda take, ba ƙari ba ragi.

Haka ya gina The Rise of Silas Lapham a 1885. Labarin Silas Lapham ne, baƙauyen da ya kuɗance da sayar da fenti, yana neman shiga sahun manyan Boston, gidan da yake ginawa ya ƙone, kasuwa ta juya masa baya. Ga damar ya tsira ta hanyar sayar da wata kadara alhali ya san masu saye za su tafka asara, amma ya ƙi, ya rungumi karayar arziki.

Abin da ya fi ɗaga darajarsa a idona kuwa, jama'a, bai tsaya ga labari ba. Bayan tashin bam a dandalin Haymarket na Chicago a 1886, an yanke wa wasu masu fafutukar ma'aikata hukuncin kisa ba tare da an tabbatar da wanda ya jefa bam ɗin ba. Manyan marubuta suka yi gum. Howells ya aika wa jaridar New York Tribune wasiƙa yana roƙon a yi musu sassauci, ya kuwa sha zagi. Aka rataye huɗu ranar 11 ga Nuwamba, 1887. Sai a 1893 gwamnan Illinois, John Peter Altgeld, ya yafe wa ukun da suka rage a kurkuku, yana mai cewa ba a yi musu adalci a shari'ar ba.