Kyamarar aljihu ko mai canjin ido: wacce za ka saya a nan Saudiyya?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka da Madina, har da waɗanda neman halal ya kai Riyad da Dammam.

Makon jiya ɗan yayata ya same ni bayan Isha, ya ce, "Kawu, na ɗan tara kuɗi, kyamara nake so, wayar nan ta gaza." Ba sana'a zai yi da ita ba. Hoton yaransa yake so, da na Hajiya in an taru a istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don taron iyali, da abin da ido ya gani in sun hau Ɗa'ifa hutu. Ya nuna min guda biyu: ɗaya ƙarama ce mai shiga aljihun jallabiya, ɗayar kuma irin wadda ake kwance mata ido a ɗaura wani. Abin da na gaya masa a daren shi zan warware muku yau.

Ga su nan biyu a kan teburina. Ta hagu ita ce ta aljihu. Idonta, wato jerin gilasan da ke gaba, wanda masu shago a nan ke ce wa adasa, a haɗe yake da jikinta, yadda ka saye ta haka za ka rabu da ita. Ta dama kuwa jiki daban, ido daban. Ita ma iri biyu ce. Akwai tsohon yayi mai madubi a ciki, da ake kira DSLR, akwai kuma marar madubi, wadda Panasonic ta fara fito da ita a 2008. Yanzu Canon da Nikon da Sony duk can suka karkata, don haka in sabuwa za ka saya, marar madubi ake magana.

Mutane da yawa suna zaton babba ta fi kyaun hoto ne saboda girman jikinta. Abin da ke yin aikin yana ciki, ɗan faranti ne da haske ke sauka a kansa, sunansa sensa. Ku ɗauke shi kamar kwanon taren ruwan sama: iya faɗin bakin kwano, iya ruwan da za ka samu. Ƙananan kyamarori masu araha sensarsu ba ta wuce milimita 6 da ɗoriya a faɗi ba, kamar farcen ƙaramin yatsa. Na gaba shi ne wanda ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, ya ninka na farkon sau 4. Sony ce ta sa shi a kyamarar aljihu a 2012 da RX100. Sai APS-C, wanda ke cikin yawancin masu canjin ido na masu koyo, ya ninka inci ɗaya kusan sau 3. Na manyan masu sana'a kuma milimita 36 ne da 24.

Da rana tsaka a Kornish, bakin tekun Jidda, duk waɗannan za su ba ka hoto mai kyau, har wayarka ma. Bambancin sai magariba ta yi, ko a falon da fitila ɗaya ke ci. A nan ƙaramar sensa ke cika hoto da yashi-yashi, fuskar yaro ta dagule. Shi ya sa nake cewa kada ka kashe riyal ɗinka a kan kyamarar aljihu mai ƙaramar sensa. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido su haɗe su wuri guda, sun riga sun wuce ta. Su ne ma suka kashe mata kasuwa: a 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamara sama da miliyan 120, a 2023 ko miliyan 8 ba su cika ba. Abin da ya rage mata kawai shi ne janyo abu mai nisa.

To, ga inda ake yi wa mai saye rufa-ido, kuma nan nake so ku ba ni hankalinku sosai. A jikin kowane ido akwai lamba da harafin f a gabanta. Tana nuna faɗin ƙofar da haske ke bi, kuma a juye take: in lambar ta yi ƙasa, ƙofar ta fi faɗi. Ɗauki Canon G7 X Mark III, ta aljihu ce mai inci ɗaya, idonta yana buɗewa har f/1.8. Ɗauki Canon EOS R50, mai canjin ido ce, idon da aka saba haɗa ta da shi a kwali daga f/4.5 yake farawa. Tsakanin 1.8 da 4.5, hasken da ke shiga ya ninka fiye da sau 6. Ka ga ke nan, babbar ta ci riba sau 3 a wajen sensa, ta yi asara sau 6 a wajen ido. Na ɗauki hoto da kowaccensu a ɗaki ɗaya da daddare. Wanda ya fi tsabta na ƙaramar ne.

Wannan ba ya nufin babbar ba ta da amfani. Yana nufin sai ka saya mata ido na biyu kafin ta nuna maka ko ita wace ce. Ɗaura mata ido mai f/1.8, irin mai milimita 35 ko 50 (iya girman wannan lambar, iya yadda ido ke matso da abu), ka ga ikon Allah: fuska ta fito tar, bayan mutum ya narke ya yi laushi, irin hoton da mutane ke gani su ce wane ƙwararre ne ya ɗauka. Ka dai sani cewa 50 a kan APS-C yana matso da abu sosai, a ƙaramin falo sai ka jingina da bango kafin mutum uku su shiga hoto, 35 ya fi sauƙin sha'ani a cikin gida. Don haka tambayar da na yi wa ɗan yayata ita ce: "Tsakaninka da Allah, za ka sayi ido na biyu?" Na san gidaje da yawa da babbar kyamara ke kwance a durowa, da idon da ta zo da shi, ba a taɓa kwance shi ba tun ranar saye. Abin yana ci min rai, don guminsu ne.

Sai ƙasar da muke ciki. A nan ƙura ba baƙuwa ba ce. Duk lokacin da ka kwance ido, cikin kyamara a buɗe yake, kuma a marar madubi sensar tana nan tsirara tana kallonka. Ni ya taɓa faruwa da ni a hanyar Madina. Muka tsaya shan shayi, na canja ido a waje iska na kaɗawa, da na dawo gida kowane hoton da sama ta fito a ciki da ɗigo uku baƙaƙe a wuri guda. In dole ne ka canja, shiga mota ka rufe gilashi, kashe kyamarar, ka kifar da bakinta ƙasa, ka yi sauri. Ka riƙe 'yar robar hura iska a jaka, kada ka hura da baki, kada ka sa gefen riga. Ta aljihu ma ba ta tsira gaba ɗaya ba, idonta mai fitowa ya koma yana iya zuƙar ƙura, kuma in ta shiga ba ka da hanyar gogewa sai wajen mai gyara. Amma ta fi wuyar kamuwa nesa ba kusa ba.

Zafi kuma bai bar kowacce ba. Yawancin kamfanoni digiri 40 suke rubutawa a matsayin iyaka, alhali Makka da rani tana haura 45. Kada ka bar ta a mota. Mutanen Jidda kuma ga raɓar teku: ka fito da kyamara daga sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, zuwa waje, nan take gilashi ya yi gumi. Bar ta cikin jaka ta ɗan ɗauki ɗumin waje kafin ka buɗe.

Nauyi fa? G7 X da RX100 kowacce gram 300 ne da 'yan kai. R50 jikinta kaɗai gram 375, ka ƙara ido, ka ƙara na biyu, ka ƙara jaka. A kan teburi ba komai ba ne. Amma ka ɗauko yaro a kafaɗa, uwargida na riƙe da wani, kuna ratsa lungunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kuna kallon tagogin katakon nan na tsofaffin gidaje, a nan za ka san jaka kaya ce.

Akwai kuma abin da ya fi nauyi muhimmanci. Babbar kyamara tana jan ido. Ka ɗaga ta, dattijo ya gyara zama, mata su ja mayafi, wanda bai san ka ba ya tsargu. Kuma yana da gaskiya, mutanen ƙasar nan ba sa wasa da sirrinsu. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya da makamantanta. Nemi izini kafin ka ɗauki kowa. A ɓangaren mata na ɗakunan biki sau da yawa ko waya mai kyamara ba a so. Harami kuwa, masu tsaron ƙofa ba sa barin babbar kyamara ta shiga ba tare da izini ba, kuma ni a ganina wanda ya je gaban Ka'aba yana da abin da ya fi hoto.

To wa ya kamata ya sayi mai canjin ido? Wanda yaransa ba sa zama wuri ɗaya, don sababbin marasa madubi suna kama idon yaro su bi shi duk inda ya ruga, abin da G7 X ke fama da shi. Da wanda yake jin son abin a ransa, yana son ya koya, ko yana hangen wata rana ya riƙa ɗaukar suna da walima ana biyansa. Shi wannan ya saya, ya ware kuɗin ido mai f/1.8 tun ranar farko.

Saura kuwa ta aljihu mai inci ɗaya ta ishe su. In yawan hotonka a ɗaki ne da dare, nemi mai f/1.8. In na tafiya ne, kana son janyo biran nan na hanyar Hada, wadda ake bi a hau Ɗa'ifa, ba tare da ka matsa kusa da su ba, RX100 VII tana zuƙowa daga milimita 24 har 200, sai dai idonta ya fi duhu, daga f/2.8 yake farawa. Batirinsu duka ƙarami ne, a ma'aunin kamfani ba ya kai hoto 300, ka sayi na biyu. Akwai su Fujifilm X100VI da Ricoh GR III, na aljihu ne masu sensar APS-C, hotonsu ba a magana, amma ba sa zuƙowa ko kaɗan, ƙafarka ce za ta yi aikin.

Kada ka ɗauka ƙarama tana nufin araha. Matasa sun yi wa waɗannan rubdugu saboda TikTok da Instagram, har suna wuyar samu, wata ma ta fi mai canjin ido tsada. Duba farashi a kantunan Jarir da eXtra, ka tabbatar da harajin kashi 15 a ciki, sannan ka leƙa Haraj, kasuwar intanet ta saye da sayarwa, ka ga na hannu. In na hannu za ka saya, ku haɗu ido da ido. Ɗauki hoton farin bango ko sararin sama da lambar f mai girma, kamar 11, ka buɗe shi sosai ka nemi ɗigo. Haska fitilar waya cikin gilashin, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, danshi ya riga ya ci shi, ka bar masa kayansa.

Ɗan yayata dai ya yi shiru, ya ce, "Kawu, gaskiya ba zan sayi ido na biyu ba." Na ce to ka nemi ta aljihu mai f/1.8, canjin ka sayi batir da memori. Na ba shi aron tawa ya riƙe mako guda kafin ya biya kuɗin komai, ranar Juma'a zai dawo min da ita mu zauna mu duba abin da ya ɗauko.