Akuyar Inna da digirinta

Bala: To, maganar da ta cika zaurenmu na WhatsApp tun shekaranjiya. Mai sauraronmu da ke karatu a Sifaniya ya ce sunan darasinsa botánica, wato ilimin tsirrai, aka yi ta gardama kan inda kalmar ta samo asali.

Zainabu: Ni dai na ce Latin ce, Yaya Bala.

Bala: Ta ratsa ta Latin, amma gidansu Girka. Botane a Girkanci ciyawa ce, wadda dabba ke ci a makiyaya. Ita ma daga boskein ta fito, wato kiwo.

Habu: Tsaya, Yaya. Ashe ilimin harawa yaron nan ya ƙetare teku ya je karantawa?

Bala: Kusan haka.

Habu: To wallahi akuyar Inna tana da digiri. Ranar Juma'a ta tsinke igiya ta cinye zogalen bayan ɗaki tas, ta bar tumfafiya ko shinshinawa ba ta yi ba. Wa ya koya mata?

Zainabu: Digiri na biyu ne wannan, tunda ta iya tantancewa.

Habu: Da ta haɗa da kuɓewar da aka shanya a tabarma, ai sai mu ce dakta.

Bala: Ku bar akuyar nan haka. Wanda ake kira uban wannan fanni shi ne Tiyofarastus, mutumin tsibirin Lesbos na Girka, almajirin masanin falsafa Aristotal. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce ya yi bayanin tsirrai wajen 500, ya raba bishiya daban, ƙananan itatuwa daban, ganyayyaki daban. Su kuma Sifaniyawa har lambun sarki suka kafa a Madrid a 1755 da wannan suna.

Habu: Ba a barin awaki su shiga ko?

Bala: Habu! Abin da ya fi ba ni sha'awa ma, a New York in ka ga shago an rubuta botánica, ba makaranta ba ce. Mutanen Puerto Rico da Kuba ne ke sayar da saiwoyi da turare da kyandir a ciki.

Zainabu: Rumfar mai maganin gargajiya ke nan. Yaya, saura ɗaya kalmar da ake kiran ilimin tsirrai da ita, fitología, da ka yi alkawari.

Bala: Kai, lokaci ya tafi. Sai mako mai zuwa.

Habu: A gaida Dakta.